Amanar da Na Tsince da Hannuna

A shekarun da gwamnatin Ingila ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, abin da suke kira austerity, muna zaune a Erdington, a wani gidan haya mai ɗan fili a baya. Maigidana yana aikin asibiti, ni kuma ina gida da yara biyu da zafin raina. Kowane wata sai ka ji an rufe wani abu: yau wurin wasan yara, gobe ɗakin karatu, jibi motar da ke ɗaukar tsofaffi. Mutane suka daina dariya a layin bas.

Maƙwabciyata Baturiya ce, ta kusa sittin, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya ya yi nisa. A ɗakin karatun unguwa take aiki, har ranar da aka rufe shi. Bayan haka aka ce gidan kansul, wato na ƙaramar hukuma, da take ciki ya yi mata yawa, tunda akwai ɗakin da ba a kwana a ciki. Shekara talatin da wani abu tana gidan. Ƙarshe dai ta haƙura, ta ce za ta koma Manchester kusa da ƙanwarta, a wani bene mai tsawo a Cheetham Hill, inda ko tukunyar fure sai a bakin taga.

Abin da ya fi damunta furanninta ne. A gindin wata bishiya da ke tsakanin filinta da namu tana da wasu ƙananan furanni farare, ba su kai tsawon yatsa biyu ba, masu ganye a tsattsage kamar na karas. A daji suke fitowa, ƙarƙashin inuwa, a watan Maris, kafin bishiyoyi su yi ganye. Mijinta ne ya kawo su daga gidan mahaifiyarsa shekarar da suka yi aure. Ta ce ba sa sauri, a shekara ɗan taku kaɗan suke ƙarawa.

Sati ɗaya kafin ta tashi, a watan Afrilu, ta yi ta yanko su da ƙasarsu, dunƙule dunƙule, tana ɗaukowa a tiren shayi, tana dasawa a ɓangarenmu na gindin bishiyar. Kwana biyu ta yi tana wannan jigila, gwiwarta na ciwo.

“Za su yi barci,” ta ce da ni. “Kada ki taɓa wurin. Ganyen da ya zubo ma ki bar musu.”

Na ce to. Da kunne ɗaya na ji, don ƙaramin yana bayana yana tsala ihu. Kuma gaskiya a raina cewa na yi, wannan mata za ta koya mini shuka? Ni da na tashi a gidan manoma, na san gero tun yana tsiro? Na amsa mata amanar da baki cike.

Kafin Yuni ya ƙare ganyen ya yi ruwan ɗorawa, ya kwanta, ya ɓace ƙurmus. Na yi ta ba su ruwa safe da yamma, shiru kake ji. A garinmu idan shuka ta bushe ana tsakiyar ruwan sama, ba a tambaya, ta mutu. Barcin da ta faɗa na ɗauka lokacin sanyi take nufi, don wa ya taɓa ganin abin da ke barci rana na fitowa? Na ce dashen ne bai kama ba. Na ji ba daɗi, na kuma kasa kiranta.

Ana cikin haka matan abokan maigidana suka zo mini yini daga Edgbaston. Ɗaya daga cikinsu, matar wani likita mai bakin tsiya, ta leƙa baya ta ga tarin busasshen ganye a gindin bishiya.

“Maman yara, wannan garden ne ko bola? Ko tsintsiyar ma austerity ya cinye?”

Suka kwashe da dariya, ni ma na yi dariyar yaƙe. A gidanmu macen da rana ta fito ba ta share tsakar gida ba, har kakarta sai an zaga. Washegari na ɗauki tsintsiya da ƙaramar fartanya da na zo da ita daga gida. Na share wurin tas, na kafce shi kamar mai shirin shuka gyaɗa. Ina kaftu ina cin karo da wasu ’yan kirare baƙaƙe, masu gaɓa gaɓa, masu saurin karyewa. Na durƙusa na tsince su ɗaya bayan ɗaya, yadda mahaifina ya koya mana sharar gona, ba a barin ko tsinke. Na cika leda biyu, na jefa a kwandon shara, motar shara ta kwashe ranar Talata. Na shuka alayyahu da yakuwa. Inuwa ta hana su kataɓus, ko miya ɗaya ban samu ba.

A watan Oktoba maƙwabciyar tawa ta bugo waya. Muryarta ta canza, kamar wadda ta daɗe ba ta yi magana da kowa ba. Ta ce na’urar hawa benen nasu ta lalace, sai ta yi kwana uku ba ta sauko ba. Sannan ta ce, “Yanzu suna can ƙasa suna hutawa. Da za ki tona, ’yan kirare kawai za ki gani, ki rantse matattu ne.”

Na zauna a kan matakala, na ce, “Haka ne.”

Da maigidana ya dawo na gaya masa. Ya ce, “Ki kira ta back yanzu ki faɗa mata. Ko mu je garden centre mu sayo wasu.” Na hau shi da faɗa, na ce na kasuwa ai ba na mijinta ba ne, kuma shi me ya sani ban da allura. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Ban kira ba. Duk lokacin sanyin nan ina fita ina duba wurin, ina cewa ƙila ɗaya ya kuɓuce mini. Amma na san aikin hannuna. Idan na tsince gona, ta tsintu.

Ranar wata Asabar a ƙarshen Maris aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ce, da sandar dogarawa da ba ta da ita a da, ta rame har rigar sanyinta na yawo a jikinta. Motar safe ta hawo daga Manchester. Ta ce ba ta gaya mini ba don kada in wahalar da kaina da girki. Ko zama ba ta yi ba, ta wuce ta kicin ta buɗe ƙofar baya.

Na bi ta. Ƙasar nan fayau, har da sawun tsintsiya. Ta daɗe a tsaye. Sai ta jingine sandar, ta durƙusa da ƙyar, ta cusa yatsunta cikin ƙasa mai sanyi, nan da can, tana lalube. A bayanta na tsaya na faɗa mata komai, da ledojin biyu, da wayar Oktoba. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ta goge hannunta a rigarta, ta ce, “Maƙwabta uku suka roƙe ni su. Ke na zaɓa, don kullum da safe ina ganinki ta taga kina kula da filin nan.”

Na miƙa hannu in tashe ta. Ta kama bishiyar ta tashi da kanta, ta tambaye ni ƙarfe nawa motar Manchester take tashi.