Man Shanun da Ya Ceci Rajistarmu

Akwai wata rana a wani ƙauye kusa da Falgore da ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina cikin waɗanda aka horar don gwada sabon tsarin rajistar masu zaɓe da kwamfuta. Aka tura ni ƙasar Doguwa da na'urar ɗaukar zanen yatsu, aka ba ni kwana uku. A Kano ba ta taɓa yi mana gardama ba. Amma a ƙauyen nan, manomi ya ɗora yatsa ta ƙi, na bayansa ya ɗora ta ƙi. Ni kuwa da girman kai irin na sabon ma'aikaci, sai na ɗora musu laifi, na ce su je su wanke hannu. Suka wanke, abin ya ƙara ɓaci. Har yau in na tuna, kunya nake ji.

Rana ta uku da hantsi, mutanen da suka baro gonakinsu da damina suka fara saɓa fartanya suna watsewa. Na san in na tattara kayana, yawancinsu sun rasa katin zaɓe ke nan.

Sai wata dattijuwa Bafulatana mai tallan nono, wadda ta daɗe a layi tana kallona, ta sauke ƙwaryarta.

"Ɗana, kana ta cewa datti. Ba datti ba ne, aiki ne ya busar da hannun."

Na ce, "To Inna, yaya zan yi?"

Ta lakato man shanu ɗan kaɗan, ta murza a yatsunta, ta goge da gefen zani, ta ɗora. Take zanen ya fito raɗau a fuskar kwamfuta. Ta juya ta ce wa dattawan da ke tsaye, "A kira waɗanda suka tafi." Ta zauna kusa da teburina tana lakata wa kowa, har la'asar sakaliya.

Da na yi mata godiya, cewa ta yi, "Allah ya yi maka albarka. Ka dai daina yi wa manya faɗa."

Na rubuta wannan a rahotona, daga baya na ji ana koya wa sababbin ma'aikata su kula da bushewar hannu. Ban sake ganinta ba, amma ina yi mata addu'a. Ita ta koya mini cewa in aiki ya cije, kafin ka zargi mutane, ka fara tambayar su.