Rabin Gurbi a Makarantar Akawu

A Fegge aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa a bayan kasuwar Anaca, inda ake jin kukan jirgin fito idan ya taso daga Asaba. Mahaifina mahauci ne. Tun yana saurayi ya biyo garken wani mutum daga Kano, bai kuma koma ba. Shanun ba nasa ba ne, teburin da yake tsayawa ma ba nasa ba ne. Kullum da safe yakan je kwata, sarkin fawa ya ba shi cinya ɗaya da ɗan kayan ciki, ya sayar, da la'asar ya kai wa mai kaya nasa ya riƙe abin da ya saura. Amma a idon mutanen gari, duk Bahaushen da ya taɓa saniya mai shanu ne, mai shanu kuwa mai kuɗi ne.

Baba ya sa ni boko ne don ya gaji da zuwa wurin mai rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya, mutumin da ke jin cikin kowa. Da na gama aji shida na iya rubutawa na iya karantawa, shi a wurinsa buƙata ta biya. Ni kuwa idona na kan wani bene mai rufin kwano da nake wucewa kullum. Makarantar koyon aikin akawu ce, ba ta gwamnati ba, ba ta mishan ba. Wani Ibo ne ya gina abarsa bayan ya bar aikin kamfanin Turawa. Daga titi ana jin ƙarar taifureta kamar ana ruwa a kan kwano. Kuɗin zango ɗaya a can ya fi abin da Baba ke samu a wata biyu.

Yaran da muka gama tare, waɗanda iyayensu ba su da hali, kowa yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wani ƙungiyar 'yan garinsu ce ke biya masa, don kowane ƙauye na Ibo yana da ƙungiya a Anaca. Wani coci ne ya ɗauke shi. Ni na rubuta wa ofishin ilimi a Inugu, aka amsa mini cewa ɗan Arewa ne ni, in nemi gwamnatinmu. Na rubuta Kaduna, aka ce in kawo takarda daga hakimin garinmu. Ban taɓa ganin garin namu ba, hakimin kuma bai san an haife ni ba.

Ƙofa ɗaya ta rage. Kowace shekara mai makarantar yakan ɗauki yara uku kyauta, daga cikin 'ya'yan marasa hali. Sai an yi jarrabawa, sannan a kira uban yaro a gana da shi. Na yi jarrabawar ban gaya wa kowa ba sai Inna. Da aka liƙa sakamako a jikin ƙofa, na ga ni ne na biyu. Ranar na gaya wa Baba. Ya ce, "To, in kiran mutum aka yi, ai sai ya je."

Ranar ganawa bai je kwata ba. Ya yi wanka, ya buɗe adaka ya fito da rigarsa ta Salla, shuɗiya mai aiki har ciki, wadda ya yi shekara yana tara kuɗinta tun kafin a haife ni. Ya aro rawani wurin limamin unguwa, ya shafa turare. Inna ta dube shi ta ce, "Malam, wai ba taimako za a nema ba?"

Ya ce, "Gaban manya za ni. So kike in je musu da warin jini?"

Muka kama hanya.

A barandar makarantar mun tarar da sauran iyaye zaune a kan benci. Wani da singileti mai huji, wani ko takalmi babu, wata mata da zane ɗaya da ya koɗe. Da Baba ya hau matakala sai suka matsa suka ba shi wuri, wani har ya miƙe tsaye. Tun a nan na gane abin da ke shirin faruwa, amma ban ga yadda zan faɗa masa ba.

Mutum uku ne a bayan teburi: mai makarantar, da wani malamin coci, da wani ɗan kasuwa da ke taimaka wa makarantar. Baba yana jin buroka, wato Turancin kasuwa, daidai ta ciniki, amma ya ce a irin wannan wuri da Hausa zai yi magana, ni in fassara. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyalinsu da gajiyarsu. Mai makarantar ya dubi rigar, ya dubi rawanin, sannan ya ce da ni in tambayi Baba sana'arsa.

Baba ya ce, "Harkar nama."

Ɗan kasuwar ya yi murmushi ya rubuta wani abu. Aka tambayi 'ya'yansa nawa, ya ce biyar. Sai mai makarantar ya ce, "Tambaye shi, shin ba shi da halin biya wa ɗansa makaranta ne?"

Na faɗa wa Baba da Hausa. Ya gyara zama ya ce, "Alhamdu lillahi. Muna cikin rufin asiri."

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san abin da wannan magana ke nufi. Amma ina da shekara goma sha huɗu, Baba na zaune kusa da ni, kuma yana jin burokar da zai gane in na ce shi matalauci ne. Na ce musu, "Ya ce ya gode wa Allah, ba shi da damuwa."

Mai makarantar ya rufe takardar da ke gabansa. Ya ce ya ji daɗin ganin Bahaushe mai son ilimi, kuma ƙofa a buɗe take duk ranar da Malam ya shirya biya. Ya raka mu har bakin matakala, abin da bai yi wa kowa ba. A hanya Baba ya ce, "Mutumin kirki ne. Ka ga yadda ya girmama mu?" Na ce na gani. Bayan kwana uku aka liƙa sunaye uku, babu nawa. Baba ya ce haka Allah ya so. Na fara bin sa kasuwa ina naɗe wa masu saye nama a ganye.

Wajen mako biyar da haka, wata mata ta tsaya a teburinmu da kwando. Matar mai makarantar ce, ita ke sayen cefanen yaran kwana. Ta gane ni, don ita ta raba mana takardu ranar jarrabawa. Ta ce da ni da yaren Ibo, "Ba kai ne ka zo na biyu ba? Me kake yi a nan? Ina babanka mai shanu?"

Na ce, "Ga shi nan."

Baba na tsaye da tsohuwar taguwa duk jini, yana kore ƙuda da reshe. Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta taya ƙashin miya, ta yi ciniki mai tsanani kamar yadda ta saba, ta biya ta tafi.

Kwana biyu bayan haka mai makarantar ya zo da kansa, da gajeren wando fari da doguwar safa, yana taka tsakanin kwatami a hankali. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce da buroka, "Malam, don me ka ce mini kana da kuɗi?"

Baba ya ajiye wuƙa. Ya ce da ni, "Gaya masa ni ban ce ina da kuɗi ba. Cewa na yi Allah ya rufa mana asiri."

Mai makarantar ya ce in bayyana masa bambancin. Na ce a wurinmu, in mutum ya ci na yau, bai roƙi kowa ba, maƙwabci bai ji kukan yaransa ba, shi ne rufin asiri. Ya ce, "To ai wannan shi ne talauci." Ban fassara wannan ba, Baba kuma bai nemi in fassara ba.

Mai makarantar ya ce gurabe uku sun riga sun tafi, ba zai ƙwace wa kowa ba. Abin da zai iya shi ne ya yafe rabin kuɗin makaranta, Baba ya kawo rabi. Baba ya tambaya ko sadaka ce. Mai makarantar ya yi dariya ya ce shi ba fada na coci ba ne, ɗan kasuwa ne. In na ci jarrabawar ƙarshe na sami aiki, masu shanu na gaske za su gani su kawo 'ya'yansu, su kuma cikakke za su biya. Baba ya ce, "Wannan ciniki ne. Na yarda." Ya yanki tsoka mai kyau ya naɗe ya miƙa masa. Mutumin ya nemi ya biya, Baba ya ƙi.

Rabin da ya rage bai zo da sauƙi ba. Inna ta fara yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ana kai mata tasha. Sarkin fawa ya ƙara wa Baba cinya ɗaya ran Asabar, ya ce don yaron da zai riƙa karanta musu takardun likitan dabbobi. Sau biyu aka koro ni gida saboda an makara wajen biya, kamar yadda ake koro kowa. Mai makarantar ba ya sassauci a nan. Rabi ya ce, rabi kuma ya tsaya.

Shekara uku na yi. Da safe in ana addu'ar coci nakan tsaya a baya, ba wanda ya tilasta mini. Ran Juma'a mai makarantar yakan sallame ni da azahar in tafi masallaci, a daidai lokacin kuma ake darasin rubutun gaggawa, shi ya sa har na gama ban ƙware a kai ba. Duk ranar da sufeto ya zo daga Inugu, ni ake kira gaba in buga wasiƙa, a ce ga Bahaushensu. Ban ji daɗin wannan ba, ban kuma ƙi ba.

Lissafin mai makarantar bai fita yadda ya so ba. Yara biyu kacal suka biyo bayana daga unguwarmu, ɗaya ma bai ƙarasa shekara ba uban ya mai da shi fatauci. Ranar da na je karɓar takardar gamawa, a shekarar da aka sami 'yancin kai, ya faɗa mini a fili cewa ya yi asara a kaina. Sannan ya ba ni wasiƙa zuwa ga wani tsohon abokin aikinsa a wani kamfanin jiragen ruwa a Fatakwal. Da ita na sami aiki, na kama ɗaki a Borokiri kusa da wasu mahauta 'yan Katsina.

Daga baya na ji ya daina ba da gurbin kyauta gaba ɗaya, don hukuma ta ce sai ya ƙara gini ko ta rufe makarantar. Sau ɗaya na ƙara ganinsa, a tashar jirgin ƙasa ta Inugu, yana zaune a kan akwatinsa, ya yi furfura. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi Baba, na ce ƙafa ta hana shi tsayuwa, yanzu albasa yake sayarwa a ƙofar gida. Ya tambaye ni kalma nawa nake bugawa a minti ɗaya. Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce da sauran aiki. Jirginsa ya iso, na ɗaukar masa akwatin zuwa cikin tarago, na sauko.