Likitan Kunne da Bencin Baba

Yayana mai aski ne, amma unguwa ba ta kiransa da haka. Likita ake ce masa, kuma ba don ya taɓa riƙe allura ba. Ba ka zama a kujerarsa ka tashi da aski kaɗai, sai ya haɗa maka da abin karantawa ko abin saurare, kamar yadda ake haɗa wa majinyaci magani. Masu tsokana suka ƙara masa, suka ce Likitan Kunne. Ni tela ce, shagona na jikin nasa, bangon katako ne ya raba mu. Don haka abin da zan faɗa, idan idona bai gani ba to kunnena ya ji.

Yaya bai yi nisa a makaranta ba. Abin ya samo asali ne shekarar da babur ya buge shi ya karye a ƙafa, ya kwanta wata da watanni. Wani malamin makaranta da yake yi wa aski ya zo dubiya, ya kawo masa wani ɗan littafi a kan riƙe sana'a, ya kuma tura masa darussa na murya a waya don su ɗebe masa kewa. Shi ke nan fa. Ƙafa ta warke, wannan ciwon kuwa har yau.

Kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya amfana. Shagon da a da gashi ke kwana a ƙasa ya zama tas. A gabanka zai ɓare sabuwar reza, a gabanka zai goge injin aski da magani. Ya daina ce wa mutum "yanzu-yanzu" alhali ya san akwai kawuna a gaba. Ya kafa wani katako a saman madubi ya jera littattafai, kuma ba ya kiransu da sunayensu, da kamanninsu yake kiransu. Akwai Ja, akwai Mai Tsani saboda hoton bangonsa, akwai Yagagge wanda ya fi kowanne yawo a hannun mutane.

Yana da tsarinsa. Ba ya ba ka komai sai ya gama rabin kanka yana yi maka tambayoyi, kai kuwa ba halin gudu. Wani makanike ya yi ƙorafin masu mota sun guje shi, Yaya ya ciro masa Yagagge ya ce, "Babi na uku kawai, wanda ke maganar cika alkawari. Kada ka wuce shi sai ka mayar wa mutum motarsa ranar da ka faɗa." Wata mai yin sabulu ta kawo ɗanta aski, ya tura mata darasi a kan yadda ake sauraron mai ƙorafi ba tare da an katse shi ba. Ra'ayinsa shi ne mai aikin hannu ya saurara, tunda kunnensa ba ya aiki, karatu kuma a bar wa abin da ke son a tsaya a yi tunani. Ya fi son tarihin 'yan kasuwar da suka karye a kan na waɗanda suka yi arziki, wai mai arziki yakan manta inda ya yi sa'a, wanda ya karye kuwa ba ya mantawa. Kuma ya tsani a haɗa littafi biyu. "Ka ji abu ɗaya, ka aikata abu ɗaya, sannan ka dawo," haka yake faɗa har na haddace ta bango.

Ni ma ban tsira ba. Ya ji ni ina faɗa da wata da na yi wa alkawarin ɗinki ban gama ba, sai ga shi ya leƙo da waya. Na ce, "Yaya, ni za ka koya wa ɗinki?" Ya ce ba ɗinki ba ne, koyon cewa a'a ne. Na saurara da haushi ina taka keke, mai darasin wata mata ce mai saurin magana. Abin takaicin shi ne ta yi gaskiya, yanzu idan ba zan gama ba nakan faɗa tun a farko.

To, a shagon Yaya akwai wani dogon benci a jikin bango, kuma bencin na Baba ne. Mahaifinmu tsohon direban babbar mota ne. Tun da Inna ta rasu gida ya yi masa faɗi, idan yana ciki ko magana sai an ja shi. Amma da safe zai yi wanka ya sa hula ya taho shago, ya zauna a kan bencin da abokansa biyu, Mai Agogo da ido ya hana shi gyara, da Tsohon Masinja. Nan ne bakin Baba ke buɗewa. Labarin gadar da ta kusa ruftawa da shi, labarin tayar da ta fashe a dokar daji, na ji su sun fi a ƙirga, kuma kullum gadar sai ta ƙara tsawo. Ba sa sayen komai. Mai Agogo ma sanƙo gare shi, ko ya so aski babu abin askewa. Amma ni na san bencin nan ne ke tayar da Baba daga kan gado, kuma ranar da ya rasa shi za mu rasa rabin Baba.

Sai Yaya ya samo wani sabon darasi, na wani mutum mai sanyin murya, a kan lokaci da wurin aiki. Mutumin ya ce duk wanda ke zaune a wurin sana'arka, ko dai mai saye ne ko mai cin lokacinka, kuma kada mai saye ya zo ya rasa wurin zama. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don na sha ganin mutum ya leƙo ya ga benci cike, ya zaci layi ne, ya juya.

Wata safiya na zo na tarar an fitar da benci. An jera kujerun roba na masu jira, an kafa sifika a saman ƙofa tana darasi. A lungu kuma ga wata lafiyayyar kujera mai katifa, sabuwa fil, ta mutum ɗaya.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Ta Baba ce. Ai kin san ba zan kori Baba ba."

"Abokansa kuma a kansa za su zauna?"

"Ke dai ba ki ji darasin ba," in ji shi.

Baba ya zo ya zauna a kujerar, ya yi godiya. Mai Agogo da Tsohon Masinja suka iso, suka tsaya a bakin ƙofa suna kallon kujerun roba. Babu wanda ya ce kada su zauna, amma tsofaffi ba sa buƙatar a faɗa musu. Suka gaisa a tsaye, suka ce akwai inda za su. Da Yaya ya ga Baba ya yi shiru, sai ya yi abin da ya iya. Ya tura masa darasi a kan yadda mutum zai gina sabuwar rayuwa bayan barin aiki, ya sa masa abin saurare a kunne da hannunsa. Wallahi da na leƙa na ga Baba a lungu, igiya na reto daga kunnuwansa, hannayensa a kan gwiwa, sai da na koma shagona na yi hawaye.

Baba ya zo 'yan kwanaki a haka, sannan ya daina zuwa. Na je gida, ya ce ƙafa ce ke damunsa. Ƙafar da ta taka birki shekara da shekaru ba ta taɓa ƙorafi ba! Na dawo na sami Yaya na sauke masa kwandon masifa. Ko a jikinsa. Ya ce kowane sauyi da wuya yake farawa, yana nan a cikin Ja, a ba Baba lokaci. Na ce to Ja ɗin ya zo ya zauna da shi a gida. Muka daina gaisawa sai da kai.

Ciniki kuwa ya ƙaru, ba zan ɓoye ba. Wannan ne ya sa ya ƙara yarda cewa shi ke da gaskiya.

Bayan wasu makonni, da hantsi, sai ga Baba a shagona, maɓallin rigarsa ya fita. Na ba shi kujera, ya cire hula yana fifita da ita. Yaya ya ji muryarsa ta bango, ya shigo da sauri, injin aski a hannu, baki har kunne. Sai ya tsaya cak.

An yi wa Baba aski. Layin ƙeya ya karkace, an bar tsiron gashi a bayan kunne ɗaya, ga ɗan yanka da ya bushe a gefen wuya. A kan Baba Yaya ya koyi riƙe almakashi, kuma tun daga ranar babu hannun da ya sake taɓa kan nan sai nasa.

Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, wa ya yi maka aski?"

"Wani ne a gindin bishiya, can bayan tasha," in ji Baba, yana kallon allurata. "Can su Mai Agogo ke zama yanzu. Hannunsa ba kyau. Amma bai taɓa jin labarin gada ba."

"Taso in gyara maka."

"Bar shi, zai tofo."

Babu faɗa a muryarsa, kuma wannan ne ya fi ciwo. Na yanke zare, ya sa hularsa, ya sa mana albarka mu biyun, ya fita ya nufi hanyar tasha a hankali.

Yaya ya daɗe a tsaye. Ta bango ina jin mai sanyin muryar nan yana ta bayani shi kaɗai. Can ya juyo, idonsa ya kaɗa, ya ce, "Ƙanwata, yaya zan yi?"

Ban taɓa jin wannan tambayar daga bakinsa ba. Duk masifar da na tanada ta gudu, tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Bai yi nisa ba."

Ya ajiye injin a kan kekena, a kan yadin mutane, ya fita ko takalmi bai gyara ba.

Jim kaɗan wani mutum ya leƙo daga shagonsa, ƙyalle ɗaure a wuya, rabin kansa a aske. Ya ce, "Baiwar Allah, Likita zai dawo kuwa?"

Na ce, "Ban sani ba. Ka zauna ka jira."