Azurfar da muka kankare

Ran kasuwar Gangara aka kawo mana tukunyar tace ruwa. Wata madam ce daga wata ƙungiya ta kawo ta. Ba ta jin Hausa, tafintanta kuma ya tsaya gidan mai gari. Da yake ni kaɗai na yi kwalej a gidanmu, Inna ta turo ni gaba.

Tukunyar yumɓu ce zaune cikin bokiti mai ɗan famfo. A zuba ruwan rijiya a sama, ya riƙa tsattsafowa ƙasa. Madam ta shafa cikinta da yatsa tana Faransanci da sauri. Kalma ɗaya na riƙe sosai, arzan. Na ji kunyar in ce ta maimaita.

"Ke 'yar lakol mai boko, mi ta ce?" in ji Inna.

"Ta ce abin kuɗi ce. A kula da ita."

"Yo ko ba ta faɗi ba. Kayan Nasara ya taɓa araha?"

Kula a wurin Inna ita ce toka da yashi. Duk Juma'a sai ta dirje cikin tukunyar har ta yi ja wur. Ni ke ɗebo mata tokar. Mu manya muka ci gaba da shan randa, ruwan tacen aka bar wa ɗiyar yayata, wadda aka yaye da faɗuwar damina.

Tsakiyar damina zawo da amai suka kama yarinyar. Idanunta suka faɗa. Kwana shida muka yi gidan likita a Gazawa ana mata ƙarin ruwa a jijiyar kai, don ta hannu ta ɓace.

Bayan mun dawo madam ta zo zagaye, wannan karon da tafinta. Ta leƙa tukunyar, ta ga zanen yashi, ta yi wa tafinta magana. Tafinta ya ce azurfa ce aka shafa a ciki, niƙaƙƙiya har ido ba ya ganinta. Tana manne da yumɓun, ƙwayar cuta in ta taɓa ta sai ta mutu. Mun kankare ta.

Azurfa. Arzan kuɗi ne, arzan kuma azurfa ce. Wallahi an koya mana a aji.

Inna ta dubi tafin hannunta. "Ashe ni na kusa kashe jikata."



Madam ta ce ba wanda zai rantse ruwan ne, yara suna ɗaukar ciwo ta hanyoyi da yawa. Inna ba ta ji wannan ba. Ta daina taɓa duk abin da yarinyar za ta ci. Yarinyar kuwa da ta fara tafiya, yanzu ta koma rarrafe.

Shekaranjiya yaya ta miƙo mini kwalbar magani in karanta mata awon. Da Faransanci aka rubuta, na karanta sau uku. Na ce rubutun ya yi ƙanana, na kai wa malamin lakol na bayan gidanmu.