Tafin hannuna a fim ɗin Yaya Sahabi

Shekara goma sha tara ke nan da aka kai Yaya Sahabi makwancinsa a Arlit, amma har gobe idan na tsuguna gaban bahon wanki sai ya faɗo mini a rai. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara baro garinmu Tawa ya kama aiki a ramin uraniyom, ni kuma aure ya kawo ni garin daga baya. Mijina Abdu direban babbar mota ne a ramin, har kamfani ya ba mu gida mai famfo da lantarki, abin da ko a mafarki ban taɓa sa rai da shi ba.

Da kasuwar uraniyom ta faɗi aka shiga sallamar ma'aikata, Yaya yana cikin waɗanda abin ya fara ci. Wasu suka koma gida noma, wasu suka buɗe tebur a kasuwa. Shi kuwa, da yake tun yana yaro ba ya bin hanyar da kowa ya bi, sai ya sayi kamarar bidiyo wurin wani Bakano. Na yi masa dariya har da hawaye. Na ce mutum da iyali ya rasa abin saye sai akwatin kallon mutane? Ya riƙa ɗaukar biki da suna, yana dai samun na cefane.

A lokacin akwai wata al'ada tamu ta matan ma'aikata. Ƙarshen kowane mako maza kan dawo gida da shuɗin kayan aikinsu, wanda muke kira bulu. Sai mu kakkaɓe shi a jikin bango, ƙura ta turnuƙe tsakar gida, sannan mu jiƙa mu wanke. Gasa muke yi sosai, don macen da mijinta ya fita da bulu mai datti ta shiga bakin unguwa. Ruwan wankin ba ma zubar da shi a banza, yayyafa shi muke yi ƙasa ta yi sanyi. Shekarar da fari ya koro makiyaya daga wajen Gugaram suka yada zango a gefen gari, matansu kan zo roƙon ruwan don awakinsu. Mu ba su da zuciya ɗaya, muna murna mun yi sadaka.

Yaya ne mutum na farko da na ji ya ce ƙurar nan ba irin ta hanya ba ce. Abokan aikinsa na da sun fara tari ɗaya bayan ɗaya, shi ma yana yi yana ɓoyewa. Sai ya shiga bin gidaje yana ɗaukar mata suna wanki, yana tambayarsu ko an taɓa gaya musu abin da ke jikin tufafin. Kuma lokacin tawaye ne, hanyar Agadas ba ta biyuwa sai da rakiyar soja, wanda duk aka gani da kamara kallon ɗan leƙen asiri ake yi masa. An ja masa kunne, ya yi kamar ba da shi ake ba. Shi ya ɗauki bidiyon ranar da wasu mata suka ɗora bulun mazansu a ka, ba a wanke ba, suka ajiye a ƙofar kamfani, suka zauna cikin rana babu mai cewa uffan. Ni ban je ba, na ce kaina ke ciwo.

Bayan kwana biyu ya yi sallama gidana da hantsi, kamara a kafaɗa. Ina tsakiyar wanki, 'yata Rabi, da ba ta cika shekara biyu ba, tana kusa da ni. Ina ganin jar fitilar kamarar a kunne gabana ya faɗi. Abdu na tuna, da gidan da muke ciki, da sunayen waɗanda za a sallama da ake liƙawa a allo. Na zabura da kumfa a hannu na toshe idon kamarar da tafina.

"Hadiza, mi kika ɓoyewa? Wanki na hwa, ba sata ba," in ji shi.

Na ce, "Yaya, kai an riga an kore ka. So kake mu ma a fitar da mu titi?"

Bai ture hannuna ba. Ya jira har na gaji na sauke, sannan ya ce in gaida Abdu, ya fita. Daga ranar gaisuwarmu ta koma sama-sama. Mun shirya ne sa'ad da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kuma ko sau ɗaya bai tayar da zancen ba. Fim ɗin ya zaga gari a kaset, daga wannan gida zuwa wancan, ni dai na ƙi kallo.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Arlit ta yau. An daɗe da daina kawo bulu gida, ko da yake ba zan ce fim ɗinsa ne kaɗai ya jawo ba. Abdun da na tsare wa aiki, shi ma an sallame shi bayan 'yan shekaru, gidan kuma muka mayar da makulli. Tulin ƙasar da aka haƙo yana nan a bayan gari, iska na kwasa tana rabawa. Yanzu kowa da kamara a aljihu, amma yawanci kansu suke ɗauka. Na san Yaya da zai yi tsaki, sannan ya ari wayar ya nufi bayan gari.

A watan jiya ɗansa Nasiru, wanda shi ma yanzu magidanci ne, ya zo mini da fim ɗin an juye shi a waya. Samarin gari za su nuna shi a wani taro kan ruwan sha. Ya ce, "Gwaggo, akwai wurin da hannunki ya fito. In kin fi so sai a yanke."

Na ce ya kunna mini tukuna. Ashe Yaya bai kashe kamarar ba, kuma bai cire komai ba. Hoton ya yi duhu, ja-ja, da kumfa a gefe, ba a ganin kowa. Amma ana jin murya. Na ji kaina ina faɗa, kuma a ƙarƙashin faɗan na ji wani abu da ban ji ba a ranar: Rabi tana buga ruwan bahon da hannuwanta, tana ƙyalƙyala dariya.

Rabi tana raye, alhamdu lillahi, da 'ya'yanta huɗu a Maraɗi. Amma in ta yi tari a waya ba na iya cin abinci ranar. Abin da Yaya ya bar mana bai fi wannan ba: kaset ɗaya, da taurin kan da ya hana shi yanke ƙanwarsa daga fim ɗin don ya rufa mata asiri. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini. Na ce wa Nasiru kada a taɓa wurin, kuma in an zo nan a ƙara murya. Ina so matan da za su kalla su ji cewa hannu biyu gare ni a ranar, ɗaya na toshe kamara da shi, ɗayan kuma ban miƙa na ɗauke 'yata daga ruwan ba.