Birinyar da Na Nuna wa Baba

Ranar wata Laraba ce da hantsi, a daminar da haƙoran gabana suka zube, Baba ya harbe ƙaton jan birin da ke hawa tsauni yana gadin 'yan'uwansa. Gonarmu tana can bayan Gangaren Tudu, masara ta yi goyo, kuma ita ce abincinmu na shekara. Aikina kullum in hau rumfar kara ina buga tsohon gwangwani, ina ihu har murya ta dushe. Baba ya ja gawar ya ce, "An kashe sarkinsu, an gama."

Washegari suka dawo, kamar ba a yi komai ba.

Ni kuwa na san abin da Baba bai sani ba, don ni ke wuni da su. Akwai wata tsohuwar birinya mai yagaggen kunne, ba ta hayaniya, a bakin gona take zama. In ta tashi duk sai su tashi, ko da masara a baki, shi ya sa ɓarnarsu ba ta wuce kunya uku na gefe. Don a yaba mini na ce, "Baba, ba shi ba ne, waccan ce." Ya ce, "Ke Hajo, wannan ƙwarangwal ɗin?" Na rantse masa. Ya ɗura bindiga.

Ya auna ta ya harba. Da ta faɗi, ba wanda ya gudu. Suka kewaye ta shiru, wata ƙarama tana tsefe mata gashi kamar barci take yi. Baba ya sauke bindigar yana salati.

Bayan kwana biyu masifa ta zo. Suka rabu kashi-kashi suna cizon juna, suna shigowa ta gabas da yamma, ba safe ba rana. Ba mai ce musu ya isa. Su ɓalle masara su gatsa su yar, su ɓalle wata. Kafin sati gonar ta kwanta. Rogo muka ci shekarar nan har muka gaji. Baba bai taɓa yi mini faɗa ba, ni ma ban sake nuna kowa da yatsa ba.

Yanzu gonar ta zama ɗakunan hayar ɗalibai, biri ko na magani babu. Jikokina sukan kunna mini rediyo, in ji manya, kowa yana ɗaga murya wai shi ne gaba. Sai in tuna da birinyar nan. Mai riƙe da jama'a, sai ya faɗi ake saninsa.