Bindigar Injiniya da Kazar Ƙarshe

Shekara ashirin da shida ya yi yana facin taya da ɗaure sarƙar keke a wata rumfa ta bakin titi, amma kada ka kuskura ka kira shi mai gyaran keke. Injiniya yake so a ce, kuma shi ya raɗa wa kansa. Mutum ne da ƙaramin aiki ke ba shi kunya. Famfon gidansa ya shekara yana ɗiga, ƙofar akurkin matarsa da dutse ake tokare ta, shi kuwa yana can yana zanen keken da zai riƙa tafiya da iska.

Kajin nan ba abin wasa ba ne a wurin matar. Da mahaifiyarta ta rasu aka ba ta kaza ɗaya, ta yi ta kiwo har suka kai tara. Sai wani ƙaton muzuru ya gano gidan, yana zuwa da rana tsaka, ya ture ƙofar ya yi gaba da ɗaya.

"Baban yara, don Allah ka buga mini ƙusa huɗu a ƙofar nan," in ji ta.

"Ƙusa? Ke dai ba ki da hangen nesa. Daga tushe zan yi maganin abin."

Tushen shi ne wata bindiga da ya tsinto wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ba ma ta asali ba ce, kwaikwayon ta mutanen da ce aka ƙera a masana'anta. Layukan cikin bututunta, masu murɗa harsashi ya tafi daidai, tsatsa ta cinye su, ko bango ka saita sai ta kuskure. Injiniya ya ce tunda ta kasa jefa harsashi ɗaya daidai, to ta watsa talatin, kamar bindigar harbin tsuntsu. A yi masa adalci, dabarar ba ta da laifi. Sati uku yana goge cikin bututun yana tara ƙwallayen boris na keke, masu jiran gyara suna tura kekunansu gaba. A sati ukun nan kaji suka koma ɗaya.

Maƙerin da ke maƙwabtaka da rumfarsa ya taɓa farauta, ya leƙo ya ce, "Injiniya, bayan ƙwallayen fa sai ka danna wani tsumma a sama."

"Na saman na mene ne? Ƙarfin harbi kawai zai rage. Kai duka ƙarfe ka sani, lissafi kuwa bar mana."

Ranar gwaji ya hau rufin kicin da tsani, ya ce wa matar ta saki kazar a tsakar gida don ta jawo muzurun. Ta rungume ta a ƙirji.

"Ita kaɗai ta rage mini daga Inna."

"Ko gashinta ba zai taɓa ba. Sake ta!"

Ta sake ta, don ta gaji da musu. Can sai ga muzuru a kan katanga, ya diro yana sanɗa. Zuciyar Injiniya ta cika fal da daɗi, har yana tsara yadda zai ba maƙeri labari. Ya sunkuyar da bakin bindiga ƙasa. Ƙwallayen da ba abin da ya tare su suka gangaro, suka zube a kan kwanon rufin, kwarararar, kamar ana zuba tsakuwa a faranti. Duk da haka ya ja kunama. Ƙara ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, tsumman da ya danne albarushi da shi ya faɗo yana ci da wuta. Kazar ta firgita ta ruga daidai wajen katanga, muzuru ya cafke ta ya haye.

Matar ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta share ƙwallayen, ta zuba masa a gwangwani, ta ajiye kusa da takalmansa.

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Da safe ya ɗauko guduma da ƙusa huɗu, ya durƙusa gaban akurkin. Minti biyar aikin zai ci. Ta fito da bokiti ta tsaya a kansa. Shekara ashirin yana so ta kira shi da sunan nan tana ƙi.

"Bar shi, Injiniya," ta ce. "Me za ka rufe?"